Barci ko Mafarki: Layi, Haske da Tsari a Hoto na 43 na Goya

Duk wanda ya tashi fassara sunan wannan hoto zuwa Hausa zai yi tuntuɓe tun bai yi nisa ba. Francisco de Goya ya rubuta a jikin hoton da Sifaniyanci: El sueño de la razón produce monstruos. Kalmar sueño tana nufin barci, tana kuma nufin mafarki, Hausa kuwa ta raba musu ɗaki. In muka ce barcin hankali ne ke haifar da dodanni, hoton ya zama gargaɗi: hankali maigadi ne, da ya gyangyaɗa sai ɓarayi suka hauro. In kuma muka ce mafarkin hankali ne, zance ya juya, dodannin sun zama 'ya'yan gida, daga cikin hankalin kansa suka fito. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan, kuma galibin hujjojinsu daga wajen hoton ake ɗebo su: wasiƙu, tallar jarida, siyasar fadar Madrid, ciwon da ya kurmantar da mai zanen. Duk suna da amfani. Amma Goya da allura da asid ya yi maganarsa, don haka a wannan maƙala layi da haske da tsarin hoton zan tambaya. Abin da nake ganin suna nunawa shi ne, duhu shi kaɗai ba ya haifar da dodo. Sai halittun dare sun kusanto mai zanen suke samun fuska da ido da gashi, wato mutumin da ke barcin shi ne ke ba su kama.

Hoton ɗaya ne daga cikin 80 da suka haɗu suka zama Los Caprichos. Jaridar Diario de Madrid ta 6 ga Fabrairun 1799 ta ɗauki tallarsu: riyal 320 kundi guda, wato riyal huɗu kowane hoto, a wani shagon turare da barasa da ke titin Desengaño. Goya na da shekara 52 a lokacin, mai zanen fadar Sarki Carlos na Huɗu ne, kuma kurma tun ciwon da ya kwantar da shi tsakanin 1792 da 1793. Kasuwa ba ta karɓi aikin ba. Kundi 27 aka sayar, sannan a 1803 ya miƙa wa sarki allunan jan ƙarfen da aka buga hotunan da su, da kundi 240 da suka rage, aka yanka wa ɗansa Javier fansho. Shi hoto na 43 ƙarami ne, tsawonsa bai kai santimita 22 ba, faɗinsa kimanin 15. A hannu aka yi shi a riƙe, a kusanto da shi ido kamar shafin littafi.

Kafin a yi maganar abin da ke cikinsa, dole a san yadda aka yi shi, domin dabaru biyu ne suka haɗu a allo ɗaya kuma kowace da halinta. Ta farko tsagar asid ce. A shafe allon jan ƙarfe da kakin da asid ba ya ci, a ɗauki allura a yi zane a kan kakin, duk inda bakinta ya bi ƙarfe ya bayyana. A tsoma allon cikin asid ya ci wuraren da aka buɗe, ya bar siraran kwarmi. A wanke kakin, a cusa tawada cikin kwarmin, a goge saman allon, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a bi da su ta injin matsi. Abin da ke fitowa layi ne. Ta biyu, wadda ake kira akwatint, ba ta san layi ba sam. Garin wani ƙaro ake barbaɗawa a kan allon, a ɗumama shi har ƙwayoyin su manne, sai asid ya ci tsakankaninsu ya bar dubban ƙananan ramuka masu riƙe tawada. A takarda suna fitowa toka-toka mai tsaki-tsaki. Inda ake son fari sai a rufe shi kafin tsomawa, inda ake son ƙarin duhu sai a ƙara wa asid lokaci. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin marinar Ƙofar Mata ya san wannan lissafin: inda aka ɗaure baba ba ya shiga, kuma yawan tsomawa ne ke kai shuɗi bakin baƙi. A Faransa Jean-Baptiste Le Prince ya kyautata wannan dabara wajen 1768, yawanci don kwaikwayon zanen tawada mai ruwa-ruwa. Goya ya karɓe ta ya yi dare da ita.

Bambancin dabarun biyu ya wuce na kayan aiki. Layi yana da mafari da maƙura, hannu ne ya ja shi, kuma duk inda ya bi yana yanke hukunci cewa nan kafaɗa ta ƙare, nan iska ta fara. Garin ƙaro kuwa inda ya ga dama yake sauka. Mai zane yana iya tsara masa iyaka da zurfi, amma babu ƙwaya ɗaya da ya ajiye da niyya. Tun kafin a zana mujiya ko jemage, allon ya riga ya ɗauki abu biyu: abin da aka nufa da abin da ya auku.

Tsarin hoton mai sauƙin faɗa ne. A ƙasan hagu akwai teburi, ko a ce dandamali, domin toshe yake kamar dutsen gini, kuma shi kaɗai ne abu mai miƙaƙƙun gefuna a duk hoton. A kansa wani mutum ya kife, ya tusa kai cikin hannuwa har ba a ganin fuskarsa, takarda da alƙaluman zane a gabansa. Jikinsa ya lanƙwashe kamar baka daga kai zuwa ƙafafun da ya harɗe. Daga bayansa garke ya taso, mujiyoyi a kusa, jemagu a nesa, suna hawa a karkace zuwa sama ta dama inda wani ƙaton jemage ya buɗe fukafukai. A ƙasan dama wata kyanwar daji mai tsinin kunnuwa, wadda Turawa ke kira links, tana kwance kai a ɗage. Saman hagu kusan fayau yake. Babu bango, babu taga, babu ƙofa.

Nauyi yana ƙasa ta hagu, motsi yana sama ta dama, kuma garken ya yi siffar mazurari wanda bakinsa ke buɗe a sama, tsininsa a bayan mai barci. Mazurari kuwa ba ya faɗa maka inda abu ya dosa. Ana iya ganin tsuntsayen suna saukowa kan mutumin kamar yadda suke sauka kan hatsin da aka shanya babu mai tsaro, ana kuma iya ganinsu suna tashi daga jikinsa kamar hayaƙi daga murhu. Barci da mafarki ke nan a cikin siffa, kuma tsarin bai zaɓi ɗaya ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce Goya ya bar ƙofa biyu a buɗe ya tafi abinsa. Ni ban yarda ya tafi ba, domin layin bai gama magana ba.

A dubi yadda aka zana mutumin. Allura ta bi ninkin rigarsa da gajerun layuka masu bin lanƙwasar jiki, ta cakuɗe a gashin kansa, ta fitar da ƙwauri da takalmi. Sai a ɗaga ido kaɗan zuwa mujiyoyin da ke dab da kafaɗarsa. Irin wannan layin ne dai ya zana su. Suna da gashin fuka-fuki da za a iya bi ɗaya-ɗaya, da zagayayyun idanu, da baki, kowace da yanayin fuskarta, wata kamar tana ihu, wata kamar tana jiran amsa. Jeri na biyu ya fara shiga toka: siffar mujiya tana nan, amma fari ya ragu, fuska ta dushe. Jeri na uku jemagu ne, kuma a wurinsu layuka sun cunkushe har sun daina zama layi, sun koma baƙin tabo mai fukafukai. Na can ƙurya ɗigo ne kawai da ke gab da narkewa cikin tsakin akwatint. Mataki uku ne a bayyane: fari mai layi, toka mai rabin layi, baƙi marar fuska.

Mai musu zai ce ai haka ido yake gani, abin da ke kusa ya fi fitowa, na nesa ya dushe, kuma kowane ɗalibin zane ya san wannan. Ƙaton jemagen da ke sama shi ne ke rushe wannan bayanin. Ya fi duk abin da ke tashi a hoton girma, kuma a ƙa'idar nisa da kusa babban abu shi ne na kusa da mai kallo. Da nisa daga idonmu ne ma'auni, da shi ya fi kowa fitowa dalla-dalla. Amma kusan inuwa ne zalla. Mujiyoyin da ba su kai shi girma ba su ne masu ido da gashi, kuma abin da suka fi shi da shi ɗaya ne: sun fi shi kusa da kan mai barci. Ashe ma'aunin bayyana a wannan hoto nisa ne daga mai zanen, ba daga mu ba. Duk abin da ya matso kusa da shi sai ya sami layi, kamar mutumin yana ci gaba da zane alhali kansa na kife.

Haske ma wannan hanyar ya bi. Babu fitila a hoton, babu wata, babu kyandir. Farin da muke gani takarda ce tsirara, inda aka hana asid taɓa ƙarfe. Ya taru a bayan mutumin da kafaɗunsa da saman teburin, ya fantsama kan fukafukan mujiyar da ke bayansa, ya sauka kan kyanwar dajin. Mujiyar nan ta buɗe fukafukanta daidai bayan kafaɗunsa, har in aka rage ido sai a ga kamar nasa ne. Tunda babu tushen haske a waje, ido yana komawa inda farin ya fi yawa ya ɗauke shi a matsayin tushe, kuma wurin shi ne jikin mai barci.

Cewa wannan zaɓi ne da gangan, zane biyu na share fage da ke ajiye a gidan tarihi na Prado sun shaida. A na farko, haskoki suna fita daga kan mutumin kamar tsirkiyar rana, a cikinsu fuskoki na yawo, har da fuskar Goya kansa. Wannan zane ya faɗi maganar ƙarara, cewa daga kai abin ke fitowa, kuma ina jin yawan bayyanarsa ne ya sa aka bar shi. A na biyu, mai ɗauke da shekarar 1797, wanda aka shirya ya zama buɗin jerin da Goya ya fara kira mafarkai, haskokin da fuskokin sun ɓace. A madadinsu wani babban fili fari ya mamaye saman hagu, halittun dare suna gefe guda cikin duhu. Nan an raba sansani biyu, haske a nan, jahilci a can, kuma rubutun da ke ƙarƙashinsa yana bayyana cewa manufar mai aikin ita ce korar camfe-camfe masu cutarwa da tabbatar da gaskiya. Da Goya ya tsaya a wannan zane, da masu fassarar barci sun ci gari babu gardama. Amma da ya zo kan jan ƙarfe sai ya barbaɗa garin ƙaro a kan wannan farin filin ya binne shi. Saman hagu da muka ce fayau yake, kabarin wancan hasken ne. Abin da ya rage na fari bai ware wa hankali sansani ba, ya raba shi tsakanin mutumin da tsuntsayen da ke kansa.

Rubutun ma abin lura ne. A sauran hotunan jerin, taken yana ƙasa, a wajen fagen hoton, da tsaftataccen rubutu baƙi kan fari, muryar mai sharhi da ke tsaye a gefe yana nuni. A na 43 kaɗai rubutun ya shiga cikin hoton, ya kwanta a gaban teburin da mutumin ya jingina da shi. Haruffansa farare ne cikin toka, ba su daidaita sosai ba, sai an ƙura ido ake karanta su. Jumlar da ke magana a kan hankali tana fitowa ne daga cikin tsakin da aka yi dare da shi, kuma da babu wannan tokar a kewaye da ita da ba a gan ta ba. Mai sharhin ya bar gefe ya shiga ɗakin. Albrecht Dürer ya taɓa sa take cikin hoto a Melencolia I na 1514, inda wata halitta mai kama da jemage ke ɗauke da shi a fukafukanta, amma a wurin Dürer har duhun ma da layi aka gina shi, ɗaya bayan ɗaya, babu wurin da hannu bai mallaka ba. Goya ya bar wa ƙura rabin allonsa.

Ba zan ɓoye ƙarfin ɗaya fassarar ba, wato ta barci. Goya yana cikin da'irar masu son gyara a Sifen, waɗanda suka ɗauki ilimi da hankali a matsayin maganin camfi da zaluncin kotun binciken aƙida. A 1798 ya zana abokinsa Gaspar Melchor de Jovellanos, ministan shari'a na lokacin, zaune ya dafa kunci a gefen teburi cike da takardu, gunkin Minerva, allahiyar hikima a wurin Rumawa, a tsaye a kansa. Kamar da ke tsakanin zaman nan da na hoto na 43 ba ta ɓuya. Tallar jaridar ma ta gabatar da jerin a matsayin suka ga kurakurai da munanan ɗabi'un jama'a. Mujiya kuwa, ko da yake tsuntsuwar Minerva ce a tsohuwar al'adar Turai, a Sifen ta wancan zamani tana iya zama alamar wauta, jemage alamar jahilci. Mai karatu Bahaushe ba zai sha wahalar karɓar wannan ba, tunda mu ma ba mu ɗauki kukan mujiya a bakin alheri ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban ce Goya ya juya wa hankali baya ba. Abin da nake cewa shi ne hoton ya san wani abu da tallar ba ta faɗa ba.

Shaidar tana hagu, kusa da hannun mutumin. Wata mujiya ta sauka a wurin, ta riƙe alƙalamin zane da ƙafarta tana miƙa masa. Ɓarawon da ya hauro don maigadi ya yi barci ba ya miƙa masa sanda ya ce tashi. Wannan tsuntsuwa aiki take nema a yi, so take a zana ta. Wani tsohon sharhi da aka rubuta da hannu game da hotunan, wanda ke Prado, ya kusanci wannan inda ya nuna cewa tunanin zuci in hankali ya yashe shi dodanni yake haifarwa, in kuwa suka haɗu shi ne uwar fasaha. Sai dai sharhin ya raba yanayin gida biyu, na rabuwa da na haɗuwa, alhali hoton ya nuna su a lokaci guda: kai a kife, alƙalami a miƙe.

Idanu su ne suka ɗaure tsarin. Mutumin ba shi da ido a hoton, dabbobin ne ke da shi. Wata baƙar kyanwa ta laɓe a bayan ƙugunsa, kusan ba a ganin komai nata sai idanun da ta zuba mana. Kyanwar dajin kuwa ita kaɗai ce a natse. Ba ta tashi, ba ta ihu, tana kwance da ƙafafun gaba a miƙe, cikin haske, da tsaftataccen layi. A Turai an daɗe ana buga misali da kaifin ganinta, har ƙungiyar masana kimiyya da aka kafa a Rum a 1603, wadda Galileo ya shiga, da sunanta aka raɗa mata suna. Kallonta yana ratsa ƙasan hoton ya koma kan mai barci, ya hana idonmu ficewa ta sama tare da jemagu. Teburi, ƙaton jemage, kyanwar daji: kusurwa uku ke nan, mutumin a tsakaninsu. Ganin da ya rufe bai mutu ba, ya koma jikin dabba yana tsaronsa.

Hoto na 32 a jerin yana taimaka wa wannan karatu ta wata fuska. Mace ce zaune a kurkuku, fitila a rataye can sama ba ta haska komai, kuma an yi hoton da akwatint zalla, babu layin allura. Goya ya iya barin layi gaba ɗaya in yana son nuna mutumin da aka ƙwace masa komai. Da ya so mai barcin nan ya zama wanda dare ya haɗiye, da kayan aikin na hannunsa. Bai yi haka ba, ya bar masa layi, ya kuma ba mujiyoyinsa.

Wurin da ya ajiye hoton ma ya dace da haka. An shirya shi don buɗe jerin, amma ya ƙare a tsakiya, aka sa hoton Goya sanye da doguwar hula a farko. Kafin na 43 galibi titi muke gani da zaure: auren kuɗi, karuwai da kawalai, jakuna masu koyarwa da masu duba marasa lafiya. Bayansa mayu da aljanu suka cika fage. Wannan rabin na biyu yana cikin abin da ya ja hankalin masu zane da marubutan Romantik na Faransa. Eugène Delacroix ya kwafi hotunan Caprichos yana saurayi, kuma Charles Baudelaire, a rubutunsa na 1857 kan masu zanen ba'a na ƙasashen waje, ya lura cewa dodannin Goya suna da gaɓoɓin da za su iya rayuwa, har ba a gane inda zahiri ya ƙare ƙirƙira ta fara. Abin da ya lura da shi daga layi ya samo asali. Allurar da ta zana ƙwaurin mutumin ita ce ta zana ƙafar mujiyar, da kulawa iri ɗaya.

Wanda zai gwada waɗannan maganganu da idonsa ya nemi bugun farko na 1799, ko kyakkyawan hotonsa. Allunan suna Madrid har yau, a ma'ajiyar Calcografía Nacional, kuma an yi ta buga su a kai a kai har zuwa 1937, ana tsakiyar yaƙin basasar Sifen. Ramukan akwatint ba su da zurfi, kowane wucewa ta injin matsi yana ɗan shafe su, kwarmin allura kuwa ya fi su jurewa. A bugun baya-baya daren ya koɗe, matakan nan uku sun matso kusa da juna, fararen haruffan teburin sun fara ɓacewa saboda tokar da ke riƙe da su ta yi sanyi. Mutumin yana nan a kife, kuma mujiyar hagu tana nan da alƙalaminta, kowane gashi a fili.